Tiyon da Na Kulle a Akwati

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau uku ina farawa a cikin kaye, wato littafin rubutu, sau uku ina yage takardun in ba matata ta hura wuta da su. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal, makarantar boko, ba, ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba game da aikin likita, wani ya karanta ya ɗauka haka ne. Ina kuma tsoron tona sirrin marasa lafiya, don amana ce. Sai da na sami Likita, shugaban ɗakinmu, na karanta masa abin da na tsara, ya gyara mini wuri biyu, ya ce kada in faɗi sunan asibitin, sannan hankalina ya ɗan kwanta. Ɗan kwanciya dai, ba duka ba.

Abu biyu suka tura ni. Na farko samarin da ake turo mana koyon aiki, waɗanda suke tsayawa a ƙofar ɗakin wanki, hannu cikin aljihu, suna cewa, "Baba Habu, kai kam ka huta, tiyo ɗai kaka wankewa." Na biyu, akwai wata mata da nake nema shekara huɗu ke nan. Zan zo kanta, amma ba za ku gane dalilin neman ba sai kun san tiyon.

Ni mutumin Bangi ne. Da tsintsiya na shigo wannan asibiti na ƙasar Madawa, na yi shekaru ina shara da wanke bokitai, har aka kawo na'urar leƙa ciki, wadda mu ma'aikata muke ce wa tiyo.

Mutum na farko da na ga an yi wa aikin wani mahauci ne, ƙato, wanda shawara ta mayar da idonsa kamar gwaiduwar ƙwai. Ya sha sassaƙe da saiwoyi har ya gaji, jikinsa duk shatar farce saboda ƙaiƙayi. Likita ya yi masa bayani da harshen sana'arsa. Ya ce, "Kai da kake feɗe akuya kullum, ka san matsarmama da ke manne da hanta, ka san siririyar hanyar da ɗacinta ke bi ya zuba cikin hanji. To tsakuwa ta toshe taka, shi ya sa ɗacin ya koma cikin jini." Ya ƙara gaya masa cewa a bakin wannan hanyar akwai wata ƙofa kuma, ta wani farin nama mai laushi da ke kwance bayan tumbi, wanda suke kira pankereya. Likita yakan ce maƙwabci ne mai saurin fushi: in ka ƙwanƙwasa ƙofarsa bisa kuskure, sai ya kumbura ya kwantar da mutum kwanaki.

Aka sa wa mahauci barci, aka kwantar da shi rub da ciki, fuska gefe, da zoben roba tsakanin haƙoransa. Likita ya zura tiyon ta baki. Baƙi ne, kaurinsa kamar babban yatsa, tsawonsa kusan kamu uku. Yana da fitila da ido a ƙarshensa, amma idon ba a gaba yake ba, a gefe yake kamar na kaza. Cikinsa akwai rami tun daga sama har ƙasa, inda ake tura waya, kuma a ƙarshen ramin akwai wani ɗan harshe na ƙarfe, bai kai ƙwayar wake ba, mai ɗaga wayar ya saita ta. Ku riƙe wannan rami da wannan harshe, su ne rayuwata. Ta cikin gilashin ƙofa na ga an sami bakin hanyar a allo, an tura waya, an ɗauki hoto, an ɗan tsaga bakin, sannan aka zura wani ɗan kwando na waya aka jawo. Tsakuwa ta faɗo cikin hanji kamar ƙwallon magarya, ɗaci ya biyo bayanta kamar an buɗe wa ruwa hanya a garkar albasa. Ba a taɓa cikinsa da wuƙa ba. Kafin sati ya zagayo idonsa ya fara washewa.

Bayan wata guda ya dawo da cinyar rago biyu naɗe a takarda. Ɗaya ta Likita. Ni na fara haɗuwa da shi a baranda, hannuna duk ya yi fari saboda ruwan magani, ya tsayar da ni ya ce, "Kai, ina ƙaramin likitan nan mai rigar dalma?" Illa yake nufi. Na nuna masa ƙofa.

Illa taubashina ne, ɗan kawuna. Benci ɗaya muka zauna a lakwal ta Bangi, kuma duk wanda ya san mu a lokacin zai gaya muku wa ke yi wa wani lissafi. Shekarar jarrabawa babana ya kwanta ciwo, aka fitar da ni na riƙe gona. Shi ya wuce kwaleji, ya zama ma'aikacin jinya. Da aka kawo tiyo, shi aka tura Yamai ya yi wata shida, ya dawo da takarda mai hatimi da tabarau. Shi ke tsayawa a hannun daman Likita sanye da rigar dalma mai kare jiki daga hasken hoto, yana tura waya yana janyewa. Ban ce bai iya ba. Ya iya. Sai dai in an ce "tura" ya tura, in an ce "tsaya" ya tsaya, kuma akwai mai gaya masa. Ni a ɗakin wanki ba mai gaya mini komai, ni da Allah ne kawai.

Likita da kansa ya zaɓe ni, don ya ga ina wanke bokiti ɗaya sau biyu. Wata uku yana tsaye a kaina. Da an zare tiyo daga bakin mutum, tun yana da ɗumi, zan goge shi in zuƙa ruwan sabuni ta cikinsa kafin majina ta bushe. In kai shi ɗakina, in hura masa iska, in nutsar da shi a ruwa ina kallo. In kumfa ta taso ko da guda ɗaya ce, to ya huje, aiki ya tsaya. Ba ta taso ba, sai in ɗauki buroshi mai tsawo, siriri kamar tsinke, in bi ramin da shi har ya leƙo ta ɗaya gefen, in wanke kan buroshin, in sake, har sai ya fito ba komai a kansa. Sannan harshen. In ɗaga shi in goge ƙarƙashinsa, in kwantar da shi in goge bayansa, ina duba shi da madubin ƙara girma, don a nan ne ɗigon jinin wani yake ɓuya ya jira cikin wani. Daga nan sai jiƙo a ruwan magani mai yaji a ido, da agogo a gabana, ba a rage minti ɗaya ko da Likita da kansa ne ke ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ɗauraya da tataccen ruwa, a bi ramin da alkol, ruwan kashe ƙwayar cuta, a sake hura iska. Ƙarshe a rataye shi cikin wata doguwar almuwar, wato kabad, kai sama, bindi ƙasa, kada ya taɓa komai.

Na haddace wannan duka kamar karatun allo. Abin da ban yi ba shi ne tambayar dalilin kowane mataki. Sau da yawa tambayar takan zo mini har baki, sai in ga Illa tsaye yana sauraro, in haɗiye ta. Ratayewar nan musamman, na ɗauka don kada tiyon ya lanƙwashe ne kawai.

Masu zuwa mana iri-iri ne. Akwai matan da suka sha haihuwa, da manoma, da makiyaya. Akwai tsofaffin da ba tsakuwa ce ta toshe su ba, tsiro ne da ba ya fita. Su sai a sa musu ɗan bututun roba ya riƙe hanya a buɗe. Na tuna wani tsoho daga ƙasar Keita da aka sa wa irinsa, ƙaiƙayin ya bar shi, ya koma gida ya ga an ɗaure gero kafin Allah Ya karɓi abinsa. Kusan kowa in ya ga tiyon a kan faranti tambayarsa ɗaya ce. Wani malami ya kama hannun Illa ya ce, "Ɗana, abin ga bakin mutum nawa ya shiga kahin nawa?" Illa ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam, an wanke shi tas." An wanke. Haka ake faɗa kullum, kamar ruwan sama ne ya sauko ya wanke.

Shekarar da nake kira muguwar shekara ta fara da zuwan wasu baƙi daga Yamai, gab da faɗuwar damina. Illa aka ba su ya zagaya da su, tunda shi ke jin Faransanci. Na tafi sallar azahar, na dawo na tarar da su cike da ɗakina. Illa ya sauko da tiyon daga almuwar, yana riƙe da shi da hannu tsirara, yana motsa harshen yana bayani, suna ɗaukarsa hoto. Abin da na tsinta a maganarsa shi ne "mu": mu muke wankewa, mu muke dubawa. Ɗaya daga cikin baƙin ya juyo ya ga ni a ƙofa, ya miƙo mini robar ruwan da ya shanye in zubar. Da suka fita na ce, "Illa, wa ya ba ka izinin taɓa tiyona?"

Ya yi dariya ya ce, "Tiyonka? Gadon kawu na, ko cikin kayan auren innarka ya taho? Haba bawana, ɗebo ruwa in wanke hannu."

Na ce, "Hannun da ya kamata ka wanke kahin ka taɓa shi."

Ya ce, "To sake wanke shi mana, ba aikinka ke nan ba?"

Wasan taubasai ne, ɗan namiji yana ce wa ɗan mace bawa, tun muna yara haka muke. Amma ranar nan wasan bai shige ni ba. Na sake wankin tun daga farko, fiye da awa guda, ina kallon almuwar da ba ta da makulli.

A ƙarƙashin tebur akwai akwatin da tiyon ya zo a ciki, baƙi, mai makulli biyu, cikinsa shimfiɗe da soso an yanka daidai siffarsa. Mu a gidajenmu abu mai daraja ba a rataye shi a fili kamar bulala. Zanen auren innata a naɗe yake cikin adaka har ta rasu. Alƙur'ani gafaka ake yi masa. Dama tun farko ratayewar nan tana yi mini kama da wulaƙanci. Na samo farin ƙyalle sabo, na wanke, na goge. Daga ranar, in na gama hura iska, sai in naɗe tiyon a ƙyalle, in kwantar da shi cikin soso, in kulle, in rataya makullin a wuyana. Da safe in fito da shi, in goge bayansa, in ɗora a faranti in kai. Likita a faranti kawai yake ganinsa. Illa ya gani, ya ce, "Ka yi ma amarya ɗaki ke nan." Yanzu duk mai son ganin tiyo sai ya zo ya yi mini sallama. Na ɗauka na ƙara wa aikin kyau.

Ruwa ya sauka sosai a wannan shekara, ɗakin wanki ya yi ɗumi da laima. Wani manomi daga Galma aka cire wa tsakuwa cikin sauƙi, kwana biyu sai zazzaɓi ya kama shi, yana rawar sanyi har gado na kaɗawa. Aka ba shi magani ya tashi. Bayan sati biyu wata mata ta yi haka. Na uku wani dattijo ne, shi kam ya kusa tafiya, ya yi kwana goma sha biyu ana ɗura masa ruwa da magani ta jijiya. Likita ya rame. Ya sake ruwan magani, ya sa aka duba ruwan ɗauraya, ya zo ɗakina sau biyu ya tsaya yana kallon wankina tun daga sabuni har hura iska. Bai ga aibi ba. Duk sau biyun ana kiransa ya fita kafin in kai ga akwati. Ni ma ban ga aibi ba, na rantse. Na ƙara sa buroshi, na ƙara minti a jiƙo, fatar hannuna ta tsattsage.

Zargi ya koma teburin Illa, inda ake buɗe wayoyi da kwanduna. Likita ya ɗauke shi daga ɗakin, ya mayar da shi wankin miki a ɗakin maza, ya dakatar da aikin tiyo sai ga wanda ba zai iya jira ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, tunda na ɗauki biro don in faɗi gaskiya. A kwanakin nan tuwo ya yi mini daɗi.

Dija tana cikin waɗanda ba za su iya jira ba. Bafulatana ce daga wajen Tabotaki, cikin masu noma da kiwo, shekarunta za su kai hamsin. Mijinta Hammadi ya kawo ta, ta yi rawaya har tafin hannu. Tsakuwarta babba ce, ta ƙi shiga kwando. Likita ya sa mata ɗan bututu a gefen tsakuwar don ɗaci ya sami hanya, ya ce wa mijin da Hausa, ya sa aka maimaita masa da Fulatanci: bayan wata uku dole ta dawo a cire bututun a sake gwada tsakuwar, in ba haka ba zai toshe, ciwon ya dawo da zazzaɓi mai kisa. Wannan ranar Talata ce.

Ran Alhamis da hantsi ta sami ƙarfin fitowa. Ta zauna a inuwar bedi, wato darbejiya, da ke jikin tagata tana ɗauraye ƙwaryarta, ni kuma ina wankin tiyo, don ko ba a yi aiki ba nakan sake bin sa saboda fargabar kwanakin. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Sannu da aiki, mai wanki. Macijin ga na anka sa mini?"

Na ce, "Shi na, Inna."

Ta ce, "Wallahi ka iya wanki. Tun ɗazu nike kallonka. Ko ni ban yi ma ƙwaryar nonona haka, kuma ni ba a raina ni ga wanki."

Shekara nawa ina wannan aiki, ba mara lafiyan da ya taɓa ce mini haka. Sai na ji ina son ta ga ƙarshen aikin. Na ɗauko farin ƙyallen na naɗe tiyon a gabanta, na buɗe akwati.

Ta ce, "A'a! Rufe shi za ka yi? Da danshi nai?"

Na ce, "Ya bushe, Inna. Na hura mishi iska."

Ta ce, "Bayanshi ya bushe. Cikinshi fa, ka shiga ka gani? Mu goran kaɗa nono in munka wanke, kife shi muke ga reshe, baki ƙasa, hal ya tsane. In ka toshe bakinshi da danshi, ko sau goma ka wanke, nonon gobe ya ɓaci."

Mijinta da ke kishingiɗe a tabarma ya ce, "Dija, bar mutum da aiki nai. Mi kinka sani ga aikin likita?"

Ta ce, "Ban san likita ba, na san gora." Ta yi dariya, ta miƙo mini wani ɗan ludayi ta taga, ta ce in riƙa shan fura da shi, tukwicin wanki ne.

Da suka koma ciki na danna soson akwatin da yatsa. Sanyi gare shi. Na sunkuya na shinshina, na ji warin rumbun da ya yi yoyo. Na bar tiyon a kulle kamar kullum, washegari na fito da shi, na shimfiɗa farar takarda, na tura iska cikin ramin da sirinji. Ɗigo biyu suka faɗo a takardar. Na tsaya ina kallonsu. A take na gane me ya sa ake ratayewa bindi ƙasa, na gane abin da ya kwantar da mutum uku, na kuma gane cewa da wannan tiyon aka shiga cikin Dija ran Talata.

Ga laifina na gaskiya, wanda ya fi na akwatin. Akwatin rashin sani ne. Wannan da sanina na yi. Na sake wanke tiyon, na rataye shi a almuwar, na tura akwatin ƙarƙashin tebur, na yi shiru. Na ce wa raina, tunda na gyara, zazzaɓin zai tsaya, ba wanda zai san daga ina ya zo. Ban manta ba cewa in na yi magana Illa zai koma rigar dalmarsa, ni kuma a ce mai tsintsiya ya nuna halinsa. Ran Asabar Hammadi ya roƙi a sallame su, don gonaki sun rufe, ƴaƴansa za su yi arewa da shanu. Jikinta ba zafi, Likita ya yarda. Da ya san abin da na sani, da ya riƙe ta wasu kwanaki ya sa mata magani. Ta tagata na ga fitarsu. Ta ɗaga mini hannu.

Ran Litinin na je ɗakin maza karɓo bokiti, na tarar da Illa durƙushe yana wanke ƙafar wani. Ya faɗa, tabarau ya yi masa yawa a fuska. Na ce, "Ina kwana, ubangijina," don in ja shi wasa. Bai rama ba. Ya ce, "Habu, ni zan aje aikin ga. Kullum ina duba hannuna, ban ga inda na yi kuskure ba. In hannuna ka kashe mutane, gara in koma gida in shuka albasa." Wannan damuwar na san ta, irin tawa ce. Ban taɓa tsammanin yana da ita ba.

Na ɗauki akwatin na kai ofishin Likita, Illa na biye da ni bai san dalili ba. Na buɗe, na faɗi komai. Likita ya danna soson, ya dubi yatsansa. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun zuwan baƙi."

"Yaushe ka gane?"

"Alhamis na yi zato. Juma'a na tabbatar."

Ya jawo littafin marasa lafiya ya buɗe. Ya ce, "Dija ta tafi Asabar." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Illa ne ya yi magana. Ya ce, "Likita, na ga akwatin ga tun ranar farko. Ni anka tura Yamai, ni anka koya ma dalili. Maimakon in hana shi, dariya na yi. In kora ta, mu biyu za a kora." Ina tsaye ina jinsa. Ko a wurin ɗaukar laifi sai da ya fi ni iya magana.

Aka matse ruwan soson aka kai ɗakin gwaji, ya nuna ƙwayar cuta irin wadda aka samu a jinin dattijon. Ba a kore ni ba. Likita ya sa aka ƙone soson, ya zaunar da ni kwana uku yana gaya mini dalilin kowane mataki, ya ce duk ranar da na sake haɗiye tambaya, ranar zan koma tsintsiya. Aka sa wa almuwar makulli, aka yi masa ƴaƴa biyu, ɗaya nawa ɗaya na Illa. Zazzaɓin bai sake dawowa ba.

Tun washegarin Litinin ɗin muka fara neman Dija. Lambar wayar da ke littafi ta wani mai cajin waya ce a kasuwa, ya ce Fulani da yawa suna ba da lambarsa, bai san wacce ba. Ranar kasuwar Tabotaki muka hau babur ɗin Illa, muka tura shi cikin korama ruwa har gwiwa. Muka bi masu nono ɗaya bayan ɗaya, muka je turken shanu, muka je wurin mai gari da ɗakin shan magani muka bar saƙo. Aka ce sun bi shanu arewa. Bayan kaka muka koma. Wani ya ce sun sauka wajen Keita. Wata ta ce ta ga Hammadi ya dawo shi kaɗai, amma ba ta tabbata ko shi ne ba. Wani kuma ya rantse ya sayi nono a hannun Dija, sai da muka bi diddigi muka tarar wata Dija ce, yarinya. Wata uku suka cika ba ta zo ba. Yau shekara huɗu.

Ku samari masu cewa na huta, ga abin da zan ce muku. Likita yana ganin abin da yake yi a allo, Illa yana ganinsa a hoto. Mai wanki aikinsa cikin rami yake, inda ido ba ya shiga, kuma in ya yi daidai ba wanda zai sani har abada. In kuna son cinyar rago, ku nemi rigar dalma. In kun shigo ɗakina, ku yi tambaya ko da wanda kuka fi ƙi yana tsaye yana jin ku.

Yanzu roƙona ga duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, a ƙasar Buza, ko Keita, ko Madawa, ko cikin masu bin shanu arewa da damina. Ina neman labarin Dija matar Hammadi, Bafulatana, doguwa, mai wushirya, mai yawan dariya, wadda aka kai asibiti da shawara wata damina aka sa mata tiyo ta baki, aka ce ta dawo bayan wata uku. In tana raye, ku gaya mata akwai ɗan bututu a cikinta da ya daɗe da wuce lokacinsa, ta zo ko ba ta jin ciwon komai, Likita ya ce ranar da ta iso ranar za a duba ta. In kuwa ta riga mu gidan gaskiya, ku daure ku gaya mini yaushe, kuma ko da zazzaɓi ta tafi a kwanakin da suka biyo bayan sallamarta. Kada ku ɓoye mini don tausayi. Ina so in san abin da zan roƙi gafara a kansa, da wanda zan je in durƙusa wa.

Danginta sun san asibitin. Ku zagayo ta baya, wajen bedin, za ku ga taga da ɗan ludayi rataye a jikinta, baki ƙasa. In Illa kuka fara tararwa, ku faɗa masa, zai isar. Amma in da hali, ku fara nemana. Ni ta yi wa magana.